Kwamfutar da Ka Bar Mini Kiwo

Zuwa ga aminina Haruna, a Legas.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar wanda aka daɗe ba a gani ba, da fatan kana lafiya, kai da aikinka da sababbin abokanka. Mu nan Makarfi sai godiya, rake ya yi kyau bana. Na rubuta maka a wannan shafi da kowa ke karantawa ne saboda na lura ka fi saurin leƙo nan fiye da duba saƙon da ake tura maka a waya.

Na ga hoton sabuwar kwamfutarka ta wasa. Gilashi a gefe, fitilu ja da shuɗi suna ta juyi a ciki kamar gidan biki. Na rubuta maka "Allah ya sanya alheri", amma fa raina bai so ba. Sai da na ja hoton nan ya yi girma na karanta sunan katin hoton da ke ciki, sannan na waiwaya na kalli tamu tana gurnani a kan tebur. Kishi ne, Haruna, ba zan canza masa suna ba.

Ka tuna yadda muka haɗa tamu? Akwatin mun samo shi ne a wani shagon buga takardu da ya rufe a Ikara, muka ɗauro shi a bayan mashin da igiyar roba. Sauran kayan tsince-tsince ne. Katin hoton kuwa, wanda shi ne ƙarfin wasan gaba ɗaya, kai ka saya da guminka, bayan ka yi lodin rake a Kudan har fatar kafaɗarka ta saɓule. Ranar da 'yan ƙwallon suka fara gudu a allo ba tare da sun daskare ba, ihun da ka yi sai da ya tashi kajin maƙwabta.

Da za ka tafi ka dafa akwatin ka ce, "Na bar maka ita kiwo. Ka san ƙa'ida, uwa tawa ce, abin da ta haifa mu raba." Muka yi dariya, muka ƙulla cewa duk Juma'a bayan la'asar za mu haɗu a wasa, kai can ni nan.

Mun riƙe alkawarin har lokacin da sabon wasan nan na mutum huɗu a ƙungiya ya fito. Tamu in ta buɗe shi sai ta yi tari, allo ya yi baƙi. Ka ce, "Ka ɗan ƙara mata ƙarfi mana, ina jiranka." Ba ka jira ba. Yanzu a bidiyon da kake sakawa ina jin kana kiran wani Tunde "mutumina". Ban san shi ba, wataƙila ma mutumin kirki ne, amma duk sanda ya yi kuskure a wasan sai in ji sanyi a raina. Allah ya yafe mini.

To na shiga gyara, da kaɗan-kaɗan, daidai ƙarfin manomi. Da na sayar da tumatir na ƙara mata ram, wato ƙwaƙwalwar da take aiki da ita. Da aka yanka rake na canza tukunyar wutarta, don tsohuwar ta fara ƙauri. Sabo ba nawa ba ne, duk na hannu ne, wanda wani ya more ya gaji. Kayan da ka sani a cikinta suka riƙa fita ɗaya bayan ɗaya, har ya rage saura katinka.

Katin da zai iya ɗaukar sabon wasan na same shi a Zariya, shi ma na hannu, direba ya kawo mini shi cikin kwalin taliya. Na zo sakawa ya ƙi shiga. Ya fi akwatin tsawo da kamar yatsa uku, ni kuwa zumuɗi bai bar ni na auna ba. Sayen wani akwatin ba ya cikin lissafi, sai na kwashe kayan ciki na kai shi wurin Malam Iro mai walda, wanda ke yi mana ƙofofi. Ya juya shi, ya dube ni ya ce, "Wannan ai ba gyara ba ne, kaciya ce." Ya yanke gaban. Yanzu wutsiyar katin tana leƙowa waje, na rufe wurin da ragar taga saboda ƙadangaru. Kada ka sa ran ganin hotonta a nan.

Da na zare katinka na daɗe riƙe da shi. Sai maganarka ta kiwo ta dawo mini: in kiwo ya ƙare, uwa gidan mai ita take komawa. Na hau mashin na kai wa Innarka a Kudan. Ta juya shi a hannu, ba ta san ko mene ne ba, amma da na ce naka ne ta naɗe shi a ƙyalle ta sa cikin kwallarta. Sannan ta ce, "Kai ka ji daɗi, Bashir, duk Juma'a kana jin muryarsa ta cikin abin nan naku. Ni sai in ya tuna."

Haruna, na je da kishina, na tarar da mai kishi da ni a kan abin da ba ni da shi. Abin da na iya cewa kawai shi ne, haka ne Inna.

Juma'ar da ta wuce wasan ya tashi lafiya lau, ko tari babu. Na shiga bayan la'asar na ga sunanka da ɗigon kore a gefe, alamar kana cikin wasan, ƙungiyarku cike, mutum huɗu. Na zauna ina kallon sunan har aka kira magariba. Girman kai ya hana ni aika maka gayyata, shi ya sa nake aiko ta yanzu a gaban jama'a. Ban ce ka rabu da Tunde ba. Ya huta Juma'a ɗaya dai, ai ba zai rame ba.

Da zan bar Kudan Inna ta raka ni har zaure ta ce in gaishe ka in mun haɗu ranar Juma'a. Na amsa mata da to. Gaisuwar nan tana hannuna, amana ce, kuma ba a nan zan ba ka ita ba.

Allah ya tsare ka a inda kake, ya yi wa nemanka albarka, ya ƙara wa Inna lafiya da haƙuri. Ni kuma ya yaye mini wannan kishi, ko ya kawo mini maganinsa bayan la'asar. Amin.

Naka, mai kiwo,
Bashir, Makarfi