Tamfal ɗin Kande

Asabar, 14 Oktoba 2023, ƙarfe huɗu da rabi na yamma, gindin tsamiyar gonarmu, Kurawa

Mun gama yankan riɗi, an jingina dammuna su bushe. Damina guda ba feshi. Ni na shawo kan Baba, don Ɗanmusa dillali ya ce masu saye a Turai sun daina cin abin da magani ya taɓa, in namu ya fito da tsabta kamfaninsu zai riƙe mu duk shekara. Baba ya yi noman ciyawa da hannu har bayansa ya riƙe. Ɗazu ya ce, "Zainu, dai mu ga ranar digirin nan." Da dariya ya faɗa. Ni ban yi ba.

Asabar, 28 Oktoba

Na kwana biyu a Isa, hanya ba lafiya. Kafin in dawo har sun kakkaɓe riɗin, sun ɗura a sababbin buhunan da na sayo. Ɗanmusa ya ɗebi samfuri.

Laraba, 15 Nuwamba

Kamfanin ya ƙi riɗinmu. Gwaji ya nuna maganin ƙwarin wake. Wake! Ba mu shuka ko ƙwaya ba bana.

Alhamis, 16 Nuwamba

Na bi komai. Buhu sabo ne. Ɗakin ajiya ni na share. Gonar maƙwabta dawa ce.

Da la'asar na ga Kande, maƙwabciyarmu, tana barbaɗa wa wakenta farar hoda a kan shuɗin tamfal. Ta ɗago ta ce, "Ɗan boko, ka ce wa Inno ta yi mani ɗinkin nan da kyau, Allah ya biya ta." Ashe gara ta cinye namu, Inno ta aro wannan aka kakkaɓe riɗin a kansa, ta kuma ɗinke wata yaga kafin ta mayar, yadda ta saba: ba ta mai da kayan aro sai ya fi yadda ya zo.

Na yi wa mutanen gida bayanin feshi, na yi na buhu. Tamfal bai zo mani a rai ba.

Laraba, 22 Nuwamba

Baba ya kai riɗin kasuwar Sabon Birni, an saye kamar na kowa. Ba wanda ya tambayi abin da ya taɓa shi. Mu za mu ci. Waken Kande ma mu za mu ci.

Ya dawo da jarkar maganin feshi ta baɗi, ya aje a zaure. Bai dube ni ba.

Juma'a, 24 Nuwamba

Inno na tsince mani tsakuwa a shinkafa, ta ce, "Zainu, kai da ba ka barin abu sai ka ga ƙarshensa, me ya ɓata mana riɗin?" Na ce har yanzu ina bincike. Za ni ci gaba da faɗin haka.

Abin da ban sani ba:
ko Ɗanmusa zai sake zuwa Kurawa;
shekara nawa muka yi muna cin hodar nan;
ko bayan Baba zai saki;
ko Inno ta riga ta gane, don ba ta sake tambaya ba.