Ni Na Tona Asirin Idon Baba Ilu

Assalamu alaikum. Don Allah a ɓoye sunana, kuma a karanta har ƙarshe kafin a zage ni, don zagin da nake wa kaina ma ya ishe ni.

Ni direban tirela ne a wani kamfani, muna lodin shanu daga Mai'adua zuwa kudu. Aikinmu babu hutun ciwo, babu kuɗin sallama. In ka yi tafiya a biya ka, in ka kwanta a ba wani makulli, shi ya sa ko zazzaɓi ke cin mutum sai ya ce lafiya lau yake. Wanda ya koya mini tuƙi dattijo ne, zan kira shi Baba Ilu. Shekara biyu da suka wuce yanar ido ta fara rufe masa gani. Ni kaɗai ya faɗa wa, muna cin tuwo a gidansa a Daura. Ya ce, "Ɗana, in manaja ya ji, na gama yawo. Ka rufa mini asiri in tara na aikin idon." Daga nan muka tsiri tafiya a jere, ni a gaba shi a baya. In na hango rami in ba shi sigina, in akwai kwana in taɓa birki sau biyu. Duk inda na tsaya nan zai tsaya, mu yi salla, mu ci abinci a kwano ɗaya.

To, motata tsohuwa ce, kullum tana gareji, kuma duk ranar da ta kwana a can ba ni da ko sisi. Tasa kuwa sabuwa ce fil. Wata rana na je ofis ina ƙorafi, manaja ya ce babu motar da ba ta da direba. Wallahi ban san sanda bakina ya ce, "Oga, ku dai duba idon Baba Ilu" ba. Na sha gaya wa kaina ai rayukan mutane na ceta. Amma in don rayuka ne, me ya hana ni magana tun shekara biyu? Me ya sa sai ranar da nake son mota?

Aka sa shi karanta lambar mota daga nesa a gaban kowa, ya kasa. Aka karɓi makulli, ko kuɗin mashin na komawa gida ba a ba shi ba. Bayan kwana uku aka miƙa mini makullin motar tasa.

Yanzu ni kaɗai nake tafiya. Har yau in na ga rami sai hannuna ya kai kan sigina, in duba madubi, babu kowa. Abinci ma a cikin mota nake ci, don ba na iya zama cikin direbobi ana hirarsa. Shi kuwa kullum sai ya kira ni: "Ɗana, ina ka kai? Ka kula da gadar nan." Har cewa ya yi ya gode Allah da motar ta faɗo hannuna ba hannun bare ba.

Abin da ya sa na rubuto shi ne, wani direba Baba yake zargi da tona masa asiri, amininsa na shekara da shekaru ɗan Sandamu. Ya daina amsa sallamarsa, ya ce bai yafe ba sai sun tsaya gaban Allah. Mutumin ya zo har da kuka yana rantsuwa, Baba ya juya masa baya. Ranar Juma'a na kai masa gero, ya lalubo hannuna ya riƙe, ya ce, "Kai kaɗai ka rage mini a kamfanin nan. Ka rantse mini za ka binciko gaskiya." Na ce to.

In na faɗa, na raba makaho da mutum ɗaya da ya rage masa. In na yi shiru, wani na ɗauke da laifina. Jibi zan dawo Daura, kuma na san yana zaure yana sauraron ƙarar motar.

Me zan yi?