Kanadar da Ban Taɓa Zuwa Ba

Kazablanka, 3 ga Afrilu

Zuwa ga Yayata Zhor,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki Si Larbi da yara. Yaya ciwon gwiwar? Allah ya ƙara sauƙi.

Na zaɓi rubutu ne don a waya ba kya bari in kai ƙarshen magana. Da na ambaci giya sai ki ce yara na kusa, ki koma yi mini labarin tsadar kifi a garin Jadida.

Wani ƙaramin kamfanin jirage ya yarda ya ɗauke ni. Ba kyaftin ba, mataimaki, a kujerar dama, ƙarƙashin yaran da ni na koya wa sauka. Ina da shekara hamsin da biyu, na karɓa da hannu biyu. Sharaɗinsu ɗaya ne, in kawo takardar shaidar lafiya ta matuƙa kafin ƙarshen Mayu, in ba haka ba su ba wani.

Dakta Sqalli, likitar da za ta sa hannu, ta gwada jinina da gashina sau shida. Shekara uku ke nan ko ɗigo bai shiga bakina ba. Abin da ya rage shi ne ta zauna da wani na jikina, ta ji ko akwai wanda ya san ciwona, wanda zai lura in na fara zamewa. Matata Naima ta tafi da 'yarmu tun ina tsare, iyayenmu sun rasu. Ke kaɗai gare ni.

Yaya, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ki faɗa mata sau biyu kotu ta kama ni da tuƙin mota a buge. Ki faɗa mata na biyun na kai wa katangar makaranta karo, Allah ya sa ranar hutu ce, na yi wata takwas a gidan yari. Na san kin gaya wa duk unguwa cewa kamfani ne ya tura ni Kanada ƙaro ilimi. Ban manta da katuwar rigar sanyin da kika sayo a gwanjo kika sa na shigo gida da ita ranar da aka sake ni ba, ana zafin Yuli, ina zufa, Hajji Miloud mai kanti yana tambayata yadda ƙanƙara take. Na yi miki wannan. Ke ma ki yi mini wannan, awa ɗaya kawai.

Ranar ita ce 22 ga wata, ƙarfe goma na safe. Ki gaida kowa.

Ƙaninki,
Bouchaib

Kazablanka, 14 ga Afrilu

Yaya Zhor,

Ina gaisuwa, da fatan gida lafiya. Saƙon man zaitun ya iso, Allah ya saka.

Si Larbi ya ce kin karanta wasiƙata kin yi kuka, sannan kin ce in kwantar da hankalina, kin san abin da za ki faɗa. Wannan maganar ce ta hana ni kwanciyar hankalin. Na san ki. Ke ce kika gaya wa Baba cewa turaren asibiti ne yake ji a jikina, ke ce kike ɓoye kwalabe a buhun gawayi kafin baƙi su zo. Shekara ashirin kina share bayana, ni kuma ina jin daɗin samun mai shara. Ban ɗora miki laifin shan da na yi ba, da hannuna na ɗaga kofi.

Amma ki gane, wannan matar ba surukarmu ba ce, ba neman aurena ta zo ba. Takardun kotu suna gabanta. Ba ta neman mutumin kirki, tana neman mutumin da ba ya ƙarya, mai dangin da ba sa yi masa ƙarya.

Jiya na bi bas zuwa bayan filin jirgi, tunda har yau ba ni da izinin tuƙa mota. Na tsaya jikin shingen waya ina kallon jiragen da ke tashi. Na ƙirga goma sha ɗaya, kowanne na san abin da hannun matuƙinsa yake yi. Ban iya komai ba a duniya sai wannan, Yaya. Ina jin tsoro, kuma ba na jin kunyar faɗa miki.

Sai kin zo. Zan tarye ki a tashar jirgin ƙasa.

Naki,
Bouchaib

Kazablanka, 2 ga Mayu

Yaya,

Ina fatan kin koma lafiya, kuma kowa lafiya.

Ban ɗaga wayarki ba kwana goma, don ba na so in faɗi abin da zan yi nadama. Yau sakamako ya fito. An ɗage maganata shekara biyu. Kamfani ya riga ya ba wani kujerar, kuma ba mai ɗaukar mataimaki ɗan shekara hamsin da huɗu da ya yi shekara shida bai tashi ba.

Kin fito daga ofishin nan kina murmushi, kin ce mini kin wanke ni tas. Dakta ta karanta mini abin da kika faɗa. Kin kai mata faranti na kayan zaƙin nan, kaab el ghzal. Kin rantse da kabarin Mama cewa ƙaninki bai taɓa sanin ɗanɗanon giya ba, wai mahassada ne a wurin aiki suka haɗa baki da 'yan sanda. Da ta tambaye ki wata takwas ɗin nan, kika dubi idonta kika ce ina Kanada, alhali takardar gidan yari tana buɗe a kan teburinta. Garin gyaran gira kin tsone ido.

Na roƙe ta, na ce a bar maganar yayata, a dubi jinina. Ba ta yi faɗa ba. Cewa ta yi, “Si Bouchaib, jininka na yarda da shi. Amma ranar da ƙishin ya taso maka, wa za ka kira, tunda a gidanku ba ka taɓa sha ba?”

Na buɗe baki, ban sami suna ko ɗaya ba. Wannan ya fi ɗagewar yi mini ciwo. A watan azumin bara na tsaya ƙofar wani kantin giya kusan awa guda da kuɗi a hannu, na kira ki, kika ce yara na kusa.

Na san sona kike yi. Da ƙina kike yi da abin ya zo mini da sauƙi, da na san inda zan ajiye haushin nan.

Ga rigar sanyin na haɗo da direban da zai kawo wannan takarda, ki ba mai buƙata. Ranar Juma'a zan zo cin kuskus kamar kullum. Kafin in shigo zan tsaya kantin Hajji Miloud, a gaban duk wanda ke zaune a bencin, in ba shi amsar tambayar da ya yi mini shekara uku da suka wuce: ban taɓa ganin ƙanƙarar Kanada ba, ɗaki mai mutum talatin na kwana, kuma giya ce ta kai ni. In kin ga dama bayan nan ki buɗe mini ƙofa.

Ki gaida Si Larbi da yara. Wannan karon a bar su kusa.

Ƙaninki,
Bouchaib