Shafi Talatin da Linnea Ta Yanke

Grand Marais, Minnesota
19 ga Oktoba, 2003

Zuwa ga Yayata Marlys,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri, da fatan wannan takarda ta same ku lafiya, ke da maigidanki Gordon. Yaya gwiwar tasa? Allah ya sa aikin da aka yi masa ya zama na ƙarshe, ke kuma ya ba ki haƙurin jinya, don na san Gordon in yana kwance ya fi jinjiri rigima. Mu nan lafiya lau, sai sanyi da ya fara leƙowa. Ganye ya gama zuba, tafki ya fara fushi, shekaranjiya ni da abokina Vern muka jawo jirgina tudu muka lulluɓe shi. Ke dai kina can Tucson kina shan rana, kin manta yadda ake neman safar hannu a watan Oktoba. Na kai furanni kabarin matata Dolores ranar da ta cika shekara huɗu da rasuwa, na kuma ce mata kina gaishe ta, ko da yake ba ki aiko ni ba.

Kin ce 'yata Karin ta ƙi gaya miki abin da ya shiga tsakanina da jikata Linnea, ta ce ki tambaye ni da kaina. To ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Zan faɗa miki duka, amma ki yi dariyarki ke kaɗai, kada ki karanta wa Gordon.

Kin san tun da ubanta ya bar su tana 'yar shekara huɗu, yarinyar nan a jirgina ta girma. Duk lokacin zafi tare muke fita jefa taru, ba ta kirana Kaka sai Kyaftin. Labaraina kuwa ta haddace su tsaf: guguwar da ta kusa cinye mu ni da Baba, da dabbar dajin nan da ta shiga ɗakin ƙyafe kifi ta yi barci a ciki. In na ƙara wa dabbar girma sai ta tare ni, ta ce bara ba ta kai haka ba. Ban taɓa tunanin akwai wanda zai ture ni a wurinta ba. Da mutum ne ma da sauƙi, sai in je in ga idonsa.

Littattafan nan ne na yara masu koyon sihiri, waɗanda kowa ya haukace a kansu. Na huɗu, wanda shi ne na ƙarshe, ya fito a watan Yuni, kaurinsa kamar bulo. Duk yaran garin nan suka rataya tsofaffin makullai a wuya, wai haka 'yan makarantar cikin littafin suke yi. Linnea ma ta ɗauke makullin rumbuna ta zura a zare, kwana biyu ina nema. Vern ya ce jikokinsa da ko rubutun kwalin abinci ba sa karantawa, yanzu sai an ƙwace littafi kafin su ci. Ni ban damu ba da farko, na ce yayi ne, zai wuce. Sai ga shi ta fara hawa jirgi da shi. Ta zauna a gaba ta duƙufa, kifi yana tsalle a gabanta ba ta ɗaga kai. In na soma labari sai ta ce "uhm", idonta na kan takarda.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wani tsoho a cikin littafin, mai kiwon zuma a makarantar, wai shi Orrin. Komai aka yi, Orrin ya ce. In gajimare ya taso, Orrin ya ce kaza. In igiya ta harɗe, Orrin ya ce kaza. Wata rana ina tsakiyar labarin guguwa, daidai wurin da Baba ya ɗaure ni a jikin jirgi, sai ta ɗago ta ce wai Orrin ya ce mai yawan magana shi ke korar zuma. Ba da mugunta ta faɗa ba, na sani, daɗin maganar ta ji. Amma ni sai da na ji ta har cikin ƙashina. Ana cewa kishi kumallon mata ne, to ga ƙaninki mai shekara saba'in da ɗaya ya kwana da shi ya tashi da shi, a kan tsohon da ko inuwa ba shi da ita. Ga kuma Karin ta samu aikin jinya a Spokane, gari mai nisan gaske, za su tashi ƙarshen Agusta. Zafin ƙarshe ke nan da nake da ita kusa, kuma wani mai zuma yana cinye mini shi kullum.

Na ƙarshen nan ba ta yi masa karatun gaggawa ba. Babi ɗaya take yi a rana, wani lokaci ta maimaita na jiya, wai tana so ya kai ta har ranar tafiya. Yaran kuma suna da dokarsu, wanda ya gama ba ya faɗa wa wanda bai gama ba. In mun shiga kanti ta ji ana hirar littafin sai ta toshe kunnuwa tana waƙa har mu fita. Ita da bakinta ta gaya mini ta rabu da wata ƙawarta saboda ta furta mata abu ɗaya daga littafi na uku. Don haka ba zan ce miki ban san nauyin abin ba.

Wata Laraba ta manta shi a kan teburin kicin ta tafi taya uwarta ɗaure kaya. Na zagaya shi sau biyu, sannan na zauna na buɗe can wajen ƙarshe. Shafi biyu kawai na karanta, kuma a nan na ga Orrin ɗin nan nata shi ne ya buɗe wa maƙiya ƙofar makarantar. Yaya, ba zan ɓoye miki ba, daɗi na ji. Na rufe littafin na mayar da alamarta yadda take, na haɗa kofi ina fito kamar wanda ya kama babban kifi.

Kwana uku na riƙe shi a ciki. Ranar Asabar muka yi fitarmu ta ƙarshe, ruwa ya kwanta lumui. Na daɗe da niyyar ranar zan ba ta sitiyari ta shigar da jirgi tasha da hannunta, abin da take roƙona tun tana 'yar shekara bakwai. Da muka doso bakin tashar na kira ta, na ce ta zo ta karɓa. Ba ta ko juyo ba, ta ɗaga mini yatsa ta ce in ɗan dakata, Orrin yana magana. Sai kawai na ji bakina yana cewa ta bar wahalar da kanta a kan tsohon banza, shi ne zai sayar da su, shi zai buɗe wa maƙiya ƙofa. Magana zarar bunu ce, tun kafin in rufe baki na san na yi ɓarna. Ba ta yi kuka ba, da ta yi da ya fi mini. Ta rufe littafin a hankali ta tambaye ni ko na karanta shi duka. Na ce shafi biyu. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce in mayar da ita gida. Ni na shigar da jirgin.

Da yamma Karin ta zo ta wanke ni tas. Ta ce ita ta ga iyaye masu kishin surukai, amma ba ta taɓa ganin mai kishin mutumin takarda ba sai ubanta. Ta ce yarinya za ta bar gidansu da makarantarsu da tafkinta, abu ɗaya ta riƙe da zai bi ta, shi ne na sa ƙafa na taka. Kafin Litinin labari ya zaga gari. Na shiga shagon shan kofi, Vern ya toshe kunnuwa ya ce kowa ya ɓoye jaridarsa ga mai faɗin ƙarshe ya iso. Mai kawo mana kofi, wadda ta san ni shekara ashirin, ta dire mini kofin ta ce ita da jikanta ne ya yi mata haka ma sai ta rama, balle babba da furfurarsa. Na je gidan sau uku, Linnea ta ƙi fitowa. Kwana goma sha biyu ban ji muryarta ba.

Ranar tafiya, motar kaya tana tsaye, sai ga ta da kwali ta ajiye a gabana. Littattafan ne guda huɗu. Ta ce in fara daga shafin farko, ban da tsallake, ban da leƙen gaba, tunda ina son sanin abin da ba a tambaye ni ba. Ba ta rungume ni ba, ba ta kuma kira ni da kowane suna ba. Ta shiga mota ta zauna a gefen da ba na ganin fuskarta.

To na karanta. Na fara ne don horo, amma kafin in kai rabin na farko kofi yana hucewa a gabana, har na bar Vern yana jirana a tasha wata safiya. Ke da kika yi shekara talatin kina aiki a ɗakin karatu kin san sirrin, ni sai yanzu na gane. Ba sihirin ne ya kama su ba. Yarinyar cikin labarin ba wanda ya damu da ita a gida, sai aka zo aka ce mata akwai wurin da aka daɗe ana jiranta, har da gado mai sunanta. Wane yaro ne ba ya son a ce masa haka? Shi kuma Orrin, na zuba masa ido ina neman aibinsa, sai na tarar ba ya ma ba da labari. Yara su zo su zauna kusa da amya, shi yana aikinsa, in sun yi shiru ya ce "sai me ya faru?" Shi ke nan fa. Ni shekara bakwai ina cika wa yarinya kunne da guguwata, ban tuna ranar da na tambaye ta tata ba. Kada ki ɗauka na daina jin haushinsa. Ƙaruwa ma ya yi, don yanzu na san ya fi ni iyawa.

Ƙarshen Satumba na iso wurin da na leƙa, inda Orrin ya buɗe ƙofar. Wannan karon sai da na ajiye littafin na fita waje na sha iska. Na dawo na juya shafi don in ga dalilinsa, sai na tarar babu komai. Ta sa reza ta yanke shafi talatin na ƙarshe, yanka mai kyau, ta tafi da su Spokane. Yarinyar da ko lanƙwasa kusurwar shafi ba ta yarda a yi. A bangon baya ta manna 'yar takarda, ta rubuta cewa in na iso nan in gaya wa mamanta, za ta kira ni ranar Lahadi ƙarfe huɗu.

Yau Lahadi huɗu ke nan tana kira. Ba gaisuwa mai tsawo, sai ta ce ina zaune, in ce e, ta karanta shafi biyar ta ce sai wani mako. In ta zo maganar Orrin har murya take canzawa, mai taushi, irin wadda ban taɓa jin ta yi wa kowa ba, ni kuma ina riƙe da waya ina saurare. Na san littafin ne yake sa ta kira, amma dai lambata take bugawa. Makon jiya na fara ƙaryar kunne, ina cewa layi ba kyau ta maimaita. Ta ce in na sake za ta rage shafi, ni kuwa abin da nake so ke nan don ranakun kiran su ƙaru, sai dai ba ta rage ba.

Ga roƙona. Na san kin karanta su duka tun fitowarsu. Don girman Allah kada ki rubuto mini dalilin Orrin, ko da habaici. Akwai littafin a ɗakin karatun garin nan, kullum sai na wuce ta ƙofarsa, ban shiga ba.

Yau da ta gama shafi biyar ɗinta ba ta ajiye waya ba. Ta yi shiru, ina jin numfashinta. Labari ya zo mini har bakin harshe, na danne shi. Can sai ta ce a sabuwar makarantarsu ba wanda ke zama kusa da ita lokacin cin abinci. Na ce mata sai me ya faru. Ta yi minti ashirin tana magana, ban sa baki ba. Tambayar ma a bakin tsohon nan na are ta, kuma ina jin ta gane. Saura shafi goma, Yaya, Lahadi biyu ke nan, kuma ban san ko wayar za ta yi ƙara a ta uku ba.

Ki gaishe mini da Gordon, ki ce ya bi maganar likita. Ki gaishe da Dale da matarsa Renee da 'yan biyunsu, da Inna Thelma in kin je dubiya, ko da ba za ta gane sunana ba. Vern yana gaishe ki. Zan aiko miki da ƙyafaffen kifi kafin Kirsimeti. Allah ya bar zumunci, ya sada mu da alheri.

Ƙaninki,
Arvid