Tabo Biyu a Dardumar Gwaggo

Wangsa Maju, Kuala Lumpur
Oktoba

Assalamu alaikum Yaya Bahauddeen,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Anti Walida da yara. Mu ma lafiya lau, jaririya Hasna sai ƙiba take yi. Rubutu na zaɓa maimakon kira, don gidanmu ɗan tsut ne, kunnen Gwaggo kuwa ka san ya fi gwiwarta lafiya.

Mun yi arba'in, Gwaggo ta gama gasa ni da ruwan jego, yanzu ni ce mai ramawa. Ka san ta yi shekaru tana salla a kan kujera, ka kuma san ba ta da burin da ya wuce ta sake kai goshinta ƙasa kafin ta koma ga Allah. Maƙwabciyarmu ta kwatanta mana wata mai maganin gargajiya na 'yan China a unguwar Sentul, Madam Teoh, tsohuwa 'yar firit mai tabarau a kan karan hanci. Allurai take sokawa, sirara kamar gashi, a gwiwa da ƙwauri, ta bar su a tsaye. Sai ta ƙona wani ganye kusa da fata don ɗumi, ta kafa ƙaho na gilashi. Gwaggo na ganin ƙahon ta ce, "Au, ashe wanzamiya ce!" Shi ke nan ta saki jiki. Ba mai jin yaren wata, amma in suka ja labule sai in jiyo su suna dariya, ni ina waje da goyo.

Damuwar ita ce bizar Gwaggo ta kusa ƙarewa. Madam Teoh ta ce min, "Old knee, slowly lah," wato tsohuwar gwiwa sai a hankali, tana so a ƙara mata wata uku. Abban Hasna ya ce zai nemi ƙarin bizar in muna so. Kai ne babba, me ka gani?

Ka gaishe min da kowa da kowa.
Ƙanwarka, Raudatu

*

Gwale, Kano
Oktoba

Wa alaikumus salam Raudatu,

Na samu saƙonki, na kuma gode wa maigidanki Malam Munzali bisa ɗawainiya. Allah ya raya Hasna.

Ban raina maganin kowa ba. Tambayata ɗaya ce: akwai sauƙi ko babu? Matar nan ita ta rene mu tun rasuwar mahaifiyarmu, ba na so a yi ta soke-soken tsohuwa a ƙasar mutane don kawai kada a ce ba mu yi ƙoƙari ba. Kada ki dogara da maganar mai magani, babu mai cewa nasa ba ya aiki. Ki sa ido da kanki. In kin ga canji, ta zauna. In ba ki gani ba, a sayi tikiti.

Wassalam,
Yayanki

*

Wangsa Maju
Nuwamba

Yaya, barka da war haka, ya iyali?

Na sa ido kamar yadda ka ce, har na zama 'yar sanda a gidana. Ban ga komai ba. Da an yi kiran salla a waya za ta ja farar kujerar robar nan ƙiii zuwa ɗaki, ta turo ƙofa, kamar kullum. Na tambaye ta gaba da gaba, ta ce, "Muna dai roƙon Allah." Ranar Lahadi matan 'yan Najeriya sun cika falo, Maman Khaulah ta ce, "Gwaggo, how far, allurar Chinese ɗin tana working kuwa?" Sai ta yamutsa fuska ta dafa gwiwa ta ce, "Sai a hankali, 'yar nan."

Ribar da na gani kawai ita ce wari. Ruwan saiwoyin da ake dafa mata ya fi maɗaci ɗaci, ya kama labulena. Ga wani baƙin mai da take shafawa a gwiwa, ban san yadda take zubar da shi ba, ya yi wa sabuwar dardumar da na shimfiɗa mata a ɗaki tabo biyu. In na wanke yau, jibi sun dawo.

Mun sayi tikitin. Da na gaya wa Gwaggo sai ta kalli Abban Hasna da ke bakin ƙofa, ta sunkuyar da kai ta ce, "To, Allah ya kai mu." Na tura wa Madam Teoh saƙo cewa mun daina zuwa. Ta yi ta kira, ni kuwa kunya ta hana ni ɗauka, me zan ce mata, maganinki bai yi ba?

Ku tare ta ranar Asabar. A zo da keken guragu saboda tafiyar filin jirgi.

Taka, Raudatu

*

Gwale, Kano
Janairu

Raudatu, assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya.

Ki samu wuri ki zauna kafin ki karanta.

Gwiwar Gwaggo ta kumbura fiye da da. Jiya na shiga wurinta bayan la'asar na tarar da ita a kan kujera, ta sallame, tana hawaye. A rayuwata ban taɓa ganin hawayen Gwaggo ba. Na matsa mata, ga abin da ta ce, na rubuto miki yadda ta faɗa:

"Bahau, na yi sujada a can gidan Raudatu. Tun sati na uku goshina ya taɓa ƙasa. Kujerar nan jan ta kawai nake yi in jingine a bango don kada a gane. Ka manta shekarar da na sha maganin gargajiyar nan na Dawanau na ji dama, na faɗa a gidan biki, kafin sati na kwanta? Baki ne. Ga mata cike da falo duk Lahadi, kowace da idonta. Na ce bari in yi shiru sai abin ya kama ƙasa tukuna. Wanzamiyar kaɗai na nuna wa, na durƙusa a gabanta na tashi, ta tafa min. Ita ba ta jin Hausa, bakinta ba zai kama ni ba. Na sa yatsa a leɓe, ta gane."

Na ce to da aka kawo maganar tikiti me ya hana ki magana? Ta dube ni kamar na zage ta. "In buɗe baki a gaban suruki in ce a bar ni in ƙara zama a gidansa? Da wane idon?"

Na nemi a mayar da ita. Likitanta ya ce yadda zuciyarta take yanzu ba za ta ɗauki doguwar tafiyar jirgi ba. Na zaga Kano neman mai irin allurar, ban dace ba tukuna. Ni na ce ki sa ido, alhali na fi kowa sanin wadda ta rene mu. Abin yana ci na ƙwarai.

Ta ce kada in gaya miki. Na kasa.

Yayanki, Bahauddeen

*

Wangsa Maju
Janairu

Yaya, salam.

Na je Sentul. Madam Teoh na ganina ta leƙa bayana tana neman Gwaggo. Ta ce kiran da ta yi ta yi, so take ta roƙe ni in bar mata Gwaggo ko da wata ɗaya ne. Ta ba ni kwalbar man nan in aiko, ta ce shi kaɗai ba zai yi abin da allura ke yi ba, amma a shafa.

Da na dawo na ciro dardumar na shimfiɗa, na durƙusa a kai. Yaya, tabon nan biyu gefe da gefe suke, daidai inda gwiwoyina suka sauka. Da hannuna na yi ta dirje su ina mita.

Wanki na ƙarshe bai fitar da su duka ba. Na naɗe ta na ajiye, ba zan ƙara sa mata ruwa ba.

Ka gaishe ta. Kada ka ce mata na sani.

Raudatu