Naman Kazan Inna

Woodburn, Oregon, 3 ga Yuni

Yaya Herminia,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki Crescencio da yara. Na rubuto ne don tun rasuwar Inna, wata bakwai ke nan, ba kya ɗaga wayata.

Yaya, ba ni da lafiya, amma ba ciwon asibiti ba ne. Ina zuwa gonar renon itatuwa in yi aiki, in dawo in ci abinci kamar ina tauna takarda. Ko ɗigon hawaye ban zubar wa Inna ba. Kin san ba ni da takardun zama a ƙasar nan, da na zo jana'iza, da ba zan iya sake tsallako iyaka ba.

Akwai wani Bature da muke aiki tare, Wendell. Yana cin naman kaza, tsiron nan mai kama da laima, irin wanda Inna take ba masu ciwo su yi addu'a da shi, sai dai shi ɗan mitsitsi yake ci da safe, wanda bai kai ya sa mutum gane-gane ba. Ya ce zuciya kawai yake sassautawa. Ya ba ni, amma ban taɓa ba tukuna. Ba na so in jefa shi baki kamar ƙwayar ciwon kai. Ina so in yi wa Inna addu'a da shi yadda ya kamata, sai na ga ban san komai ba. Don Allah ki faɗa mini yadda take shirya mutum.

Ƙanenki,
Cayetano

Huautla, 26 ga Yuni

Cayetano,

Muna lafiya. Damina ta sauka sosai.

Na karanta wasiƙarka har na yi dariya, Allah ya yafe mini. Ba kai ne ka tsaya a tsakar gida kana ɗan shekara sha tara ka kira Inna bokanya ba? Ka ce ƙaurin turarenta yana ba ka kunya a gaban abokai. Yau da Bature ya yaba, abu ya zama mai kyau. Abin da uwarka take hawa dutse da asuba ta tsinko tana yi masa magana, shi kake karɓa a leda!

Shekara shida ina juya ta a gado, ina wanke ta. Kai kana aiko hotuna.

Duk da haka ga shi, kada ka yi wa kanka illa. Kwana huɗu ba giya, ba mace, ba ƙwai, ba baƙin wake. Ka share ɗaki. Tebur ya kalli gabas, ka ɗora kyandir na kakin zuma, da furanni, da hoton Budurwa Maryamu. Kada ka yi kai kaɗai, ko Baturen naka ne ya zauna a bakin ƙofa. Ni dai ban taɓa jin ana cin sa gutsure-gutsure kamar kaza tana tsintar tsaba ba, amma ku mutanen Arewa da ke tsallaken iyaka kun fi mu sani.

Ka huta lafiya.
Herminia

Woodburn, 19 ga Yuli

Yaya,

Ina gaishe ki, kuma na gode. Duk abin da kika faɗa na cancance shi.

Na samu kyandir a shagon wata 'yar jiharmu ta Oaxaca. Furanni kuwa a cikinsu nake wuni. Da na karanta wa Wendell sharuɗɗan, ya ce, "Ba mace? Kai da ko kyanwa ba ta leƙa ɗakinka?" Ya yarda zai zauna da ni. Na tsayar da ranar sha biyar ga Agusta.

Na shirya tebur tun yanzu. Kullum in na dawo aiki sai in zauna gabansa in gwada abin da zan faɗa, amma bakina ba ya buɗewa. Ranar da kika sanar da ni rasuwar, kin ce mini har ta cika ba ta ambaci sunana ba. Wannan maganar ce ta tsaya mini a ƙirji. Ban ga laifinta ba, shekara sha huɗu ba kwana sha huɗu ba ne. Ba na neman in gan ta. So nake ƙirjina ya saki kaɗan, in iya cewa ta yafe mini, ko da ba ta so.

A gaida yara.
Cayetano

Huautla, 2 ga Agusta

Ƙanena,

Gaisuwa. Sau uku ina fara wasiƙar nan ina yagewa.

Kada ka zauna gaban teburin nan da ƙaryata a ƙirjinka. Inna ta ambace ka. Ranar da za ta rasu, da hantsi, ta buɗe ido ta ce, "Minia, kira mini autana." Wayar tana aljihuna. Na fita bayan ɗaki, na tsaya ina kallon masara, sannan na dawo na ce mata ba ta shiga. Ta ce, "To, ki sake gwadawa anjima." Ban gwada ba. Kafin la'asar ta tafi.

Na gaji ne, Cayetano. Ni ke kwashe kashinta, amma kai take nema. Shi ya sa ba na ɗaga wayarka, ba na iya jin muryarka. Ko Crescencio bai sani ba. Ban ce ka yafe mini ba.

Yayarki da ba ta kyauta ba,
Herminia

Woodburn, 16 ga Agusta

Herminia,

Jiya na kunna kyandir. Ban ci naman kazan ba, na mayar wa Wendell. Na yi kuka har ya shigo ya riƙe ni.

Maganarmu ni da ke, ki ba ni lokaci. Abu ɗaya kawai: me take son faɗa mini?

Cayetano

Huautla, 4 ga Satumba

Ƙanena,

Gaisuwa. Na tambaye ta a lokacin, na ce ta faɗa mini in isar. Ba wasiyya ba ce, ba kuma faɗa ba ne. Cewa ta yi ta ji ana sanyi ƙwarai a can, tana so ta ji ko kana da bargo.

Allah ya tsare ka.
Herminia