Sili Tara a Ƙarƙashin Fenti

Ƙofar Taramniya,
Sakkwato.
9 ga Afrilu, 1977.

Zuwa ga aminina Malam Ladan,

Gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan ta iske ka lafiya, kai da Jamilatu da yara. Yaya zafi, yaya ƙafar Inna? Allah ya ƙara sauƙi, amin.

Bayan haka, na ji an naɗa ka magatakardan kwamitin da zai binciki abin da ya faru wurin aikinmu. Kafin wasu su gaya maka ko ni wane ne, gara in tuna maka da kaina. A aji biyu na bar ku sakandare, shekarar da Baba ya rasu. Ba ni da kawu a ma'aikata, ba wanda ya taɓa rubuta mini takardar neman alfarma. Da wankin mota na fara a Kaduna, na koma ɗaurin kaya a tashar jiragen ruwa ta Ikko, har na hau ƙugiya, injin ɗaga kaya. Littafin injin da Turanci yake, na bi shi da ƙamus shafi bayan shafi. Yau ni ke tuƙa ƙugiya mai ɗaukar tan ashirin da biyar, wadda a da Bature kaɗai ke hawa. Na gina ɗaki huɗu na kwano, na kai tsohuwata Makka, duk da gumina.

Tunda ku masu alƙalami ne, bari in fahimtar da kai aikin, kada injiniyoyi su ruɗa ka da Turanci. Ƙugiya kamar sikeli take, nauyin ƙarfe a bayanta, kaya a gabanta. Amma ranta yana ga igiya. Igiyar ƙarfe tufka shida ce, kowace tufka sili goma sha tara, an murɗa su a kan zuciya ta rama wadda ta sha mai. Man nan ne ke hana silin cin junansu. In sili ɗaya ya karye, 'yan'uwansa su raba nauyinsa, ba wanda zai ji. Shi ya sa muke bin igiya da tsumma a hannu: duk inda sili ya karye, sai ya sarƙe tsumman, ka ƙirga. In sun kai shida wuri ɗaya, igiyar ta mutu ko da tana sheƙi. Sannan igiyar kan sauko ta koma sama har riɓi huɗu, kowane riɓi ya ɗauki rubu'in kayan. Hawan ba ya sauri, amma shi ne lafiya.

Sauran ka riga ka ji. Ranar da babban hafsan soja ya zo daga Ikko ganin ɗora tankin ruwa a kan ƙafafunsa, tankin ya faɗo. Bawa, mai ɗaura mini kaya shekara shida, yana ƙasa riƙe da igiyar jan tankin. Bai shura ba. Allah ya jiƙansa.

Zan gaya wa kwamiti injina lafiyarsa lau. Abin da Allah ya ƙaddara ba makawa.

Ka gaida mutanen gida duka.

Ni ne naka,
Attahiru Mamman.


Ƙofar Taramniya,
Sakkwato.
3 ga Mayu, 1977.

Zuwa ga Malam Ladan,

Ina gaishe ka, ina gaida iyali. Ina fatan Inna ta fara takawa. Mu nan jiki lafiya, alhamdu lillahi.

Na ga kwafin rahoton da ka aiko mini, na gode. Na karanta inda kunka rubuta cewa marigayi ne ya yi sakaci wurin ɗauri, kamar yadda foman, mai kula da mu wurin aiki, ya shaida. Na ga kuma ka kira ni "direban injin" kawai, ka ce ba shi da laifi. Na san zumunci ne ya sa ka, Ladan. Allah ya saka.

Shekaranjiya anka yi sadakar arba'in ta Bawa a Tudun Wada. Da mutane sunka ragu, Lantana matarsa ta aiko a kira ni bakin ɗakin da take takaba. Ban ga fuskarta ba, labule na tsakaninmu. Ta ce maganar ta riga ta bazu unguwa, har a bakin famfo ana cewa mijinta shi ya kashe kansa da ganda. Sannan ta ce, "Malam Attahiru, kai kana sama kana gani. Ɗaurinsa ne ya kwance?" Na ce Allah ya gafarta masa, na sa takalmina na fito. Ni da ban taɓa sunkuyar da kai gaban Bature ba.

Ga abin da ban rubuta maka ba.

Ana gobe baƙo zai zo, bayan la'asar, na bi igiyar da tsumma. Kamar gaba uku sama da maƙalin kaya, tsumman ya sarƙe. Na ƙirga sili tara, ga jan tsatsa yana fitowa daga ciki, alamar zuciyar ta bushe. Na gaya wa foman. Ya ce sabuwar igiya tana cikin jirgi a Ikko, wata na huɗu ke nan jirgin na layi bai samu wurin sauke kaya ba. Ya ce in ba zan iya ba, akwai wani direba da za a ɗauko daga Gusau.

Da safe na iske an wanke injin, an shafe shi da fenti don baƙo ya gani, har igiyar an bi ta da fenti mai ruwan azurfa. Fentin ya kwantar da silin da sunka karye, ko tsumma ba zai ji su ba. Sannan foman ya ce mai girma ba zai tsaya cikin rana yana kallon tanki na rarrafe ba, a mai da riɓin igiya daga huɗu zuwa biyu. Ka tuna abin da na gaya maka. Kowane riɓi ya koma ɗaukar ninki. Da hannuna na sauya.

Bawa ya dubi injin ya yi dariya, ya ce yau tsohuwa ta sha lalle, ango kaɗai ake jira. Da ya gama ɗaurinsa ya zo gindin injin ya ɗaga kai ya ce, "Sarkin sama, ka bi igiyar da tsumma?" Na ce na bi, lafiya lau. Ya ce, "To, tunda kai ka faɗa." Ya koma ƙasan tankin.

Ba tsoron foman na ji ba, kada ka rubuta haka. So nake a ce ni na ɗora tankin nan gaban manya, ba mutumin Gusau ba. Tankin ya tashi sama kusan tsawon bene biyu sai na ji ƙara kamar ana karya kara, ɗaya bayan ɗaya. Ɗaurin Bawa bai motsa ba. Har anka janye tankin yana nan daram. Igiyar da ta tsinke tana bayan sito an rufe ta da buhuna. Ku je ku kankare fentin, za ku ga karayar da ta yi tsatsa daban da sabuwa.

Na san kamfani zai kore ni, watakila ma abin ya kai kotu. Na gaya wa matata Sadiyatu jiya, ta yi kukanta ta gama.

Saboda haka ka yage wancan shafin na rahotonku. Ka cire sunan Bawa daga inda kunka sa shi. Kuma ban yarda da "direban injin" ba, ban yarda da "wani ma'aikaci" ba. Ka rubuta Attahiru Mamman na Ƙofar Taramniya: shi ya ƙirga sili tara, shi ya rage riɓi, shi ya ce wa Bawa lafiya lau, shi ya ɗaga. Ka rubuta shi cikakke, da manyan baƙaƙe, yadda za a iya karanta wa Lantana. In kai ba za ka iya ba, ranar Litinin ƙarfe tara ina ƙofar ofishinku, in faɗa da bakina wani ya rubuta.

Ka gaida Jamilatu. Allah ya bar zumunci.

Ni ne,
Attahiru Mamman.